Babi na Tara

"Maimaita wurin nan," in ji kakata Ravdna.

Farfesan da ya shekara uku yana zuwa daga Oslo don rubuta tarihinta ya gyara tabarau, ya sake karanto abin da ya rubuta. "Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Sami, ba ta yi karatu ba, ta ƙare rayuwarta a kiwon garken barewar ƙasar ƙanƙara."

"Ta ƙare? Ga ni ina shan kofi! Ina dukan da muka sha a makarantar kwana saboda yarenmu?"

"Iya, mutane ba sa son ɗaci. Sa hannu kawai a takardar amincewa."

Kaka ta ture bironsa, ta zaro wani littafi bugagge da yarenmu, sunanta a bango.

"Nawa ya fito tun makon jiya, ɗan nan. Babi na tara a kanka ne. Je ka nemi mai fassara."