Sifikar Jirgin Gwadabe

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Batirin jirgin Gwadabe ya sake mutuwa a tsakiyar kogi, sai da masunta suka jawo jirgin da igiya. Sarkin ruwa ya ce in aka kuma, Gwadabe ya gama fito da mutane a mashigin Toranke. Gidan kuwa da jirgin nan ake ci.

Shi ya sa matarsa Zuliha ta aika garin Gaya aka zo da Sagiru, mai gyaran wayar inji, wanda bai san kowa a Toranke ba.

Sagiru ya yi sallama. Gwadabe na zaune a gindin jirgi, bai waiwayo ba.

"Tun rasuwar Mudassir yake haka," in ji Zuliha.

Mudassir ɗansu ne, zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Shi ya ɗaure ƙatuwar sifika a jikin katakon jirgin, ya ja mata waya daga batiri, ya naɗi muryarsa yana kiran fasinja: "Tsallake! Tsallake! A shigo a hankali, iyaye!" Da ita uban ke tara mutane. Yanzu kuwa, in ya sauke su ya juyo shi kaɗai, sai ya kashe inji a tsakiyar ruwa, ya ƙure muryar sifika, ya dafa katako da hannu biyu, har batiri ya ƙare.

"Inna, ai abin ba wuya," in ji Sagiru. "Inji ne ke ciyar da batiri. Zan haɗa ta yadda sifika ba za ta yi magana ba sai inji na aiki. Ya ji ɗansa, batiri kuma ya huta."

Zuliha ta ce, "Haɗa, ɗan nan."

Kafin la'asar ya gama. Ya tayar da inji, jirgi ya hau kakkarwa, muryar Mudassir ta cika bakin kogi har mata masu wanki suka ɗago kai.

Gwadabe ya dafa katako. Ya matsa gaba, ya sake dafawa. Ya durƙusa ya manna kumatunsa. Daga nan ya miƙe, ya goge hannu a riga, ya ɗauki gora ya gyara wa fasinja tsayuwar jirgi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Baba bai ji daɗi ba ne? In ƙara masa murya?" in ji Sagiru.

"Bar shi. Aikinka ya yi." Zuliha ta gyara mayafi. "Kurma ne tun haihuwa. A jikin katako yake jin yaron, da tafin hannu. In inji na girgiza, ba ya jin kowa sai inji."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan ɓera.