Wata Goma Sha Takwas

Juwairiyya ta ɗaga ƙafar hagu ta mijinta, ta lanƙwasa gwiwar, ta miƙe ta. Sau arba'in. Sannan ta dama. Wata goma sha takwas ke nan tana haka safe da yamma, kuma yau ce ranar ƙarshe. Ba ta gaya wa kowa tana ƙirga kwanakin ba.

Mijin, Lawwali, daga saman motar albasa ya faɗo a hanyar Goronyo. Lakar bayansa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina jin komai. Wansa, Alhaji Abdulƙadiri, mutum ne mai sanin mutane, shi ya samo masa gurbi a wani asibitin ƙasar waje da ke gwajin dashen ƙwayoyin halitta. Kyauta, wai bincike. Takardar amincewa shafi talatin ce da Turanci. Alhaji ya karanta wurin sa hannu.

Aka ɗebi ɓargo a ƙugun Lawwali, bayan 'yan kwanaki aka yi masa allura a gadon baya. Da Alhaji ya tambayi likitar ƙwaya nawa aka zuba, ta ce ko ita ba a gaya mata abin da ke cikin allurar ba. Alhaji ya yaba da tawali'unta.

Suka dawo da takardar motsa jiki mai hotuna, da kuma bayanin Alhaji: abin kamar dashen albasa ne, sai da ban ruwa. Wata sha takwas, in ya kama, a huta. Mai ban ruwan dai ba a nemi shawararta ba.

Juwairiyya ta ajiye koyarwa a firamaren Marnona. Ita ke juya shi, ita ke zaunar da shi, ita ke tallafe shi a jikin ƙarfen da mai walda ya haɗa musu. Wuyan hannunta ya kumbura. Tun bara a zaune take salla, saboda baya.

A wata na bakwai babban yatsan ƙafarsa ya motsa. A na sha ɗaya Lawwali ya fara jin fitsari kafin ya zo. Yanzu yana dafa ƙofa ya tsaya na minti guda. Mutane har daga Rabah suke zuwa kallo, Alhaji na yi musu jawabi kan ilimin zamani, ita kuma tana kawo ruwa.

"Kin gaji," in ji Lawwali, yana kallon rufin ɗaki.

"Mi niy yi da zan gaji? Ƙwayoyi ka aiki."

"Gobe ki yi kwana har hantsi. Ni na ba ki."

"An gode, ranka shi daɗe."

Bayan la'asar Philemon ya iso a kan babur. Shi ne jami'in lafiyar da ke auna Lawwali duk wata yana aika wa asibitin sakamako, kuma ta wayarsa saƙonsu ke zuwa. Ya gai da Alhaji, wanda ya riga ya shimfiɗa tabarma da baƙi biyu, ya zauna. Ya daɗe yana goge gilashin wayar.

"Likita, mi sunka ce?" in ji Alhaji.

"Sun ce cikin mutum sittin, kaɗan ne suka kai shi samun sauƙi."

"To, kun jiya."

"Sun kuma ce duk abin da ake yi masa a gida, kada a rage ko ɗaya."

Juwairiyya na tsaye bakin ƙofa da kwanon ruwa. "Har yaushe?"

"Ba su sa rana ba, Malama."

"An ce in ya kama a huta. Bai kama ba?"

Philemon ya dubi Alhaji, ya dubi baƙin, sannan ya miƙa mata wayar, tun da duk gidan ita ce ke karanta Turanci har ƙarshen shafi.

Ta ajiye kwanon, ta bi layukan da yatsanta mai kumburi. Kamar yadda aka bayyana a takardar amincewa, in ji wasiƙar, an raba marasa lafiyar gida biyu ta hanyar ƙuri'a don a kwatanta. Rabi an yi musu dashe. Lawwali yana cikin rabin da aka yi wa allurar ruwan gishiri zalla, babu ƙwaya ko ɗaya.