Manomin da Ya Kori Jemagu

Sha'anin gona da kasuwa, ba kullum ake ganin abin da yake riƙe da shi ba. An yi wani manomi da ya gaji gona mai itatuwan ɗorawa. Hatsin da yake nomawa ba ya kai su baɗi, daddawar matarsa ce take rufa wa gidan asiri. Kowace bazara sai su tsinko ɗorawa, ta fitar da kalwa, ta dafa, ta rufe har ta nuna. Daddawarta ta yi suna, fatake daga kasuwannin nesa har ƙofar gida suke biyo ta. Ana nan sai mutumin ya dasa mangwaro a bakin gona, ya ɗauki son duniya ya ɗora masa. Shekarar da ya fara 'ya'ya, sai ya riƙa tarar da wasu an gatsa an yar. Jemagu ne, waɗanda suke rataye a wani tsohon ɗurumi tun zamanin kakansa. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma shi mutum ne da ba a taɓa masa nasa. Ya tara ƙaiƙayi da busasshen barkono a gindin ɗurumin, ya turnuƙe su da hayaƙi. Da ya ga suna dawowa, sai ya sa gatari ya kwantar da itacen. Jemagu suka yi ƙaura, shi kuwa ya sha mangwaronsa har da yi wa maƙwabta kyauta.

Da shekara ta zagayo, ɗorawa ta yi fure ja wur, yana reto kamar tuntun hula, sai dai ya bushe ya zube, 'ya'ya sai ɗai-ɗai. Ya ce iska ce. Da abin ya maimaitu, ya ce bakin mutane ne. Matar ta koma sayo kalwa da tsada daga wani ƙauye, fatake suka gaji da komawa hannu rabbana, suka canza gari. Wata rana ya je ta'aziyya ƙauyen nan, magariba ta riske shi a ƙarƙashin ɗorawarsu. Ya ɗaga kai ya ga jemagu suna shan zaƙin fure, fuskokinsu duk garin furen, suna kai shi daga wannan itace zuwa wancan. Nan ya gane ta haka ɗorawa take ɗaukar 'ya'ya, kuma rabonsa da ganin haka a gonarsa tun faɗuwar ɗurumi. Kunya ta kama shi. Da ya koma gida ya gaya wa matar, sai ta ce, "Maigida, ashe 'yan ƙwadagonmu ka kora, ladansu kuwa ɗan mangwaron nan ne kawai." Ya dasa wani ɗurumin, amma itace ba ya girma don mai shi yana sauri. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira a rasa ido.