Inda Ganuwa Ba Ta Haɗu Ba

Kai da kake cewa da zarar an yi shelar 'yanci magana ta ƙare, gyara zama in ba ka misali.

A wata ƙasa da yaƙin basasa ya raba biyu, akwai wani gari mai tsohuwar ganuwa. Rabin ƙasar ya ce bauta ta ƙare, ɗaya rabin ya ce sai dai a mutu a kanta. Garin nan ya bi ɓangaren da ya 'yanta bayi. Aka kaɗa ganga a kasuwa, mai shela ya ce daga yau kowa ɗa ne. Babban manomin garin, wanda ya fi kowa yawan bayi a gandu, ya tara mutanensa a ƙofar gida, ya sa maƙeri ya cire mari daga ƙafar masu shi, ya ce kowa ya mallaki kansa. Cikin waɗanda aka 'yanta akwai wani dattijo magini, haifaffen gandun, wanda sauran ke jin maganarsa. Shi ne ya lura ba a jefa marukan a wutar maƙera ba. Manomi ya sa an shafe su da man gyaɗa, an tura su ƙarƙashin rumbu. Wataƙila ƙarfe ne ya yi tsada saboda yaƙi, yana so a ƙera masa fartanya da su. Wataƙila kuma jira yake ƙura ta lafa. Magini bai tambaya ba, sai dai ya ce wa 'yan uwansa, "Wanda ya cire maka mari ya shafa masa mai, bai gama da ƙafarka ba." Shi ma manomi ba ya barci da ido biyu a rufe. Yana ganin 'yantattun nan suna taruwa a gindin tsamiya kowace la'asar, in ɗansa ya gifta sai su yi tsit. Mai yiwuwa shawarar inda za su share gonakin kansu suke yi, mai yiwuwa kuma tsofaffin tabon bulala suke nuna wa juna. Shi ma bai tambaya ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa rundunar ɗaya ɓangaren ta doso, ga shi ganuwa ta zube ta gabas. Dattawan gari suka raba aiki: manomi da danginsa su taso da gini daga kudu, magini da mutanensa daga arewa, a haɗu a tsakiya. Kowa ya zage damtse, don kowa ya san abin da zai same shi in gari ya faɗi. Amma da 'yantattu suka nemi mashi da kwari da baka, sai aka miƙa musu sanduna, aka ce makamai sun yi kaɗan. Ana cikin haka wani baƙo mai sayar da gishiri ya shigo da jakinsa, mutum mai fara'a da daɗin baki. Ya ci tuwo a zauren manomi, ya ba shi labarin wani gari da 'yantattu suka buɗe wa maƙiya ƙofa. Ya sha fura wajen magini, ya ba shi labarin wani gari da aka mayar da kowa gandu bayan yaƙi ya lafa. Ba wanda ya tambaye shi sunan garuruwan, don kowa abin da ke ransa aka faɗa masa.

Da ɓangarorin ginin biyu suka kusa haɗuwa sai aiki ya yi sanyi. Ɗaure ganuwa sai tubalin wannan ya shiga cikin na wancan, mutane su hau bango ɗaya, suna miƙa wa juna ƙasa, suna juya wa juna baya. Manomi ya hana 'ya'yansa hawa. Magini ya san sarai abin da ke samun ginin da ba a ɗaure ba, amma ya ja bakinsa, yana tunanin in an juyo kansu bayan yaƙi, gara a sami wuri mai sauƙin fasawa da za su fice da iyalansu. Kowa ya ƙare nasa a tsaye, aka rufe tsakanin da yaɓe. Daga nesa sai ka rantse ganuwa ɗaya ce. Ruwan farko ya wanke yaɓen, tsaga ta bayyana daga sama har ƙasa. Mai gishiri ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya kora jakinsa ya bar gari.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, runduna ta iso, ko kallon ƙofar gari ba ta yi ba. Kai tsaye ta nufi tsagar, aka zura gumagumai aka ɓanɓare ta. Masu mashi suna yaƙi rabin idonsu na kan masu sanduna, masu sanduna kuma suna laluben hanyar gudu. Kafin azahar gari ya faɗi. Waɗanda suka ci garin ba su tsaya tambayar wane ne ɗa wane ne bawa ba, igiya ɗaya suka zarga wa kowa a wuya. Manomi na gaba, magini na bin sa. Har suka yi nisa manomi na waiwayensa, yana ganin shi ya nuna wa maƙiya hanya, shi kuma magini na hararar ƙeyar manomi, yana ganin da shi aka ƙulla. Ba wanda ya tuna da mai gishiri.

Shela tana cire mari daga ƙafa, amma ba ta cire zargi daga zuciya, wannan sai an zauna an tambayi juna. Shi ya sa magabata suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.