Zobe a Cikin Sanda

Ilinca ba ta gama mayar da numfashi ba aka kira su teburin alƙalai. Ita ce ta ƙarasa gudun miƙa sanda na maza da mata, ta ciyo wa yankin Vaslui zinare a gasar matasa ta ƙasa.

Alƙaliya ta zura yatsa a ramin sandar, ta ɓamɓaro wani zobe manne da salatif.

"An yi wa sanda ƙari. An soke nasararku."

Sorin, saurayinta da ya fara gudun, ya kasa ɗago kai.

"Na kakata ne," ya ce. "So na yi ya iso hannunki ki tsallake layi da shi. Ilinca, ki aure ni."

Ta saki baki tana kallonsa. Shekara huɗu tana atisaye cikin ƙanƙara saboda wannan rana.

"Kai, ba ka da aljihu ne?"

"Wandon gudu ba shi da aljihu."

Ta karɓi zoben, ta danƙa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Riƙe da kyau, Sorin. Wannan karon babu mai karɓa daga hannunka."