Kura Mai Fuskar Baba

Tun da hukuma ta raba littattafan tatsuniya masu sauya hoto da kansu, duk wanda ya saɓa mata sai a wayi gari fuskarsa na jikin Kura. Ran Talata abin ya faɗo kan Ɗanjuma, ɗan Iya Tabawa. 'Yarsa Ladidi ta daina cin tuwo da shi. Da ya miƙo hannu sai ta ɓuya bayan kakarta.

Iya ta ja yarinyar har rumfar Malam Ilu, mai zane a farantin tagulla.

"Malam, kura nake so, wadda ba ta sauyawa."

Sai da ya leƙa hanya. "Iya, hoto marar rajista, kin san hukuncinsa."

"Na sani. Ni na yi wa uwarka wankan jegonka, ban tambayi hukunci ba. Zana."

Ya karce farantin da allura, ya shafa tawada, ya danna takarda. Kura ta fito, baki buɗe.

Ladidi ta murza hoton da yatsa, ta jira. Hoton bai sauya ba.

"Iya, wannan ba kura ba ce," in ji ta. "Ba ta yi kama da Baba ba."