Gurbin Ɗanliti a Takardar Makaranta

Furera na cikin kwasar tuwo wayar gidan ta yi ƙara. Daga makarantar su Ɗanliti ne, wai shugabar na son ganinta gobe da safe. Turancin Furera bai wuce na cefane ba, amma wannan kam ta ji shi sarai.

Maigidan ya yi tafiya, don haka ta garzaya wajen Edna, 'yar Kagoro mai aikin jinya, wadda ke yi mata tafinta tun zuwanta garin Wheaton na Amurka. Edna ta buga waya ta bincika, ta dawo tana cizon leɓe. Ashe a ƙasar nan duk shekara sai an ƙirga 'yan makaranta kamar kaji za su shiga akurki: maza nawa, mata nawa, farare nawa, baƙaƙe nawa, a aika wa gwamnati. Bana an turo wata mata daga ofishin ilimi ta bi aji aji tana ƙirgawa da idonta, sai lissafi ya ƙi fita. Baƙin yaro ɗaya ya yi ɓatan dabo, kuma a ajin su Ɗanliti.

Furera ta ce to ita ina ruwanta, ita ta sace shi?

Da ruwanta kuwa, har da tsaki. Bara, lokacin shigar da yaron, maigidan na wata tafiyar, ita ta cika takardar. Ta kira Edna ta karanto mata guraben ta waya, ta tambaya ina na Hausawa. Edna, da ta taso daga aiki ido na rufewa, ba ta ma tambayi takardar wa ake cikawa ba. Ta ce babu, duk Bahaushe gurbin baƙar fata yake shiga. Furera ta dangwala alama a nan ta ci gaba da harkokinta.

Wannan alamar ce ta ba shi makarantar kusa da gida, don a lokacin suna neman cike adadin baƙaƙen yara. In ba haka ba, 'yan layinsu wata makaranta mai nisa ake kwasa a doguwar motar nan ruwan ɗorawa. Yanzu Edna ta ce in aka ga kuskure a takarda, ana iya mayar da shi can.

Abin ya tsaya wa Furera a rai. Rakiyar safen nan ita ce daɗin Amurka gaba ɗaya a wurinta: hannunsa cikin nata, yana zuba mata surutu da Hausar Zazzau. Ga shi dama ya fara amsa mata da Turanci in ya yi fushi. In mota ta ɗauke shi, ta san Hausar ma a motar za ta sauka.

Da safe ta shafe shi da man da likita ya rubuta saboda rana, ta kafa masa hula, suka kama hanya. Mutane na ta juyowa suna kallonsu kamar kullum. Furera ta saba, yaro mai kyau ba ya rasa 'yan kallo.

A ofis, inda Edna ke jiransu, Ɗanliti ya durƙusa har ƙasa ya gai da shugabar da matar ƙidaya. Matar ta dubi takarda, ta dube shi, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta tambaya ko wannan ne yaron da ake nema, da kuma dalilin da aka sa shi a wannan gurbin.

Furera ta gyara mayafi ta ce wa Edna, "Faɗa mata a asibitin Zariya aka haife shi, ranar Litinin. A bayana ya yi wayo. Bai san wani abinci ba sai tuwo da miyar kuka, ko mafarki zai yi da Hausa yake yi. In ba Bahaushe ba ne, ta faɗa mini ɗan wace ƙasa ne."

Edna ta fassara tana kallon silin. Shugabar ta juya baya tana tari, kafaɗunta na rawa. Da ta samu kanta, ta ce yaro ya riga ya saba da ajinsa, babu inda za shi, amma fa gurbin dole a gyara.

Furera ta yi hamdala, ta ja hannun abinta suka fito. Sai dai gyaran nan bai kwanta mata ba, ta yi ta mita har gida. Ita dai har gobe ba ta ga abin da zai hana Ɗanliti ɗan Dokta Jerome zama Bahaushe ba, wato maigidan, Baturen da ta biyo daga Zariya tana rainon jaririnsa tun rasuwar matarsa, don kawai yaron ya ɗauko shuɗayen idanun uban da gashinsa mai ruwan gemun masara.